Auta da ƙwaryar Inna

Alhamis, bayan isha'i.

Hazo ya ɗan lafa yau, har ana hango ƙarfen sabis na Mabera daga ƙofar gida. Na je karɓo ɗinkin Inna, tela ya ce jibi. Jibin tela dai kun san shi.

Auta ya iso daga makarantar jirgin sama ta Zariya da la'asar, ya rame, sai dogon wuya da surutun jirgi. Muna tsakar gida ana dama fura Inna ta ce ita ta ji daɗi da aka ce tafiyarsu Umra cikin dare za ta kama, ko banza ta yi barci har Madina. Ta ce, "Sama mi ag gare ta? Ba rami, ba ɓarawo, ba ɗan sanda." Muka yi dariya. Auta ya ce ai ba sama ake tsoro ba Inna, ƙasa ce. Da ya tsaya nan da yanzu na yi barci.

Sai ya karɓi wayata ya kunna fitila, ya ajiye can ƙarshen tabarma, ya ce wannan gari ne. Ya kife ƙwaryar Inna a tsakiya, ya ce in kwanta in duba daga wancan gefen. Na kwanta, babba da ni. Ina ɗaga kai ina ganin hasken, ina yin ƙasa kaɗan ya ɓace, ƙwaryar kuma ba na ganinta don an ɗauke wuta. Ya ce to haka dutse yake wa direban jirgi da dare, babu fitila a kansa. Abin da ido ke gani shi ne hasken gari can nesa da baƙi ƙirin a tsakani, sai ido ya raya wa mutum cewa ya yi sama da yawa, ya dinga sauka alhali ya riga ya yi ƙasa. Shi ya sa ake koya musu su gaskata na'ura su ƙaryata ido. Fitilu huɗun nan na gefen titin jirgi ma aikinsu ke nan: biyu fari biyu ja kana daidai, duka ja kuwa ka yi ƙasa da yawa.

Inna ta yi shiru, can ta ce, "Irin na Sarkin Musulmi Maccido?" Duk wanda ke garin nan a 29 ga Oktoba 2006 bai manta ranar ba, mutum 96 suka rasu a haɗarin jirgin. Auta ya ce a'a, wancan da rana ne, guguwar iska ce ta same su suna tashi daga Abuja. Wanda ake koyar da su daban ne: jirgi lafiya lau, inji na aiki, direbobi ƙwararru, su kai shi jikin dutse da hannunsu ba su sani ba.

Ya ba mu na Kali a ƙasar Kwalambiya, Disamba 1995. Boeing 757 ne daga Miyami, mutum 163 a ciki. Filin jirgin yana cikin kwari, duwatsu dama da hagu, na'urar da ke nuna wa ma'aikatan ƙasa inda jirgi yake kuma 'yan tawaye sun fasa ta tun 1992. Sun makara, aka ba su gajeriyar hanya, suka karɓa cikin gaggawa. Direba ya danna harafin R a kwamfuta yana nufin wata tasha da ke gabansu, ita kuma ta ɗauko wata can wajen Bogota. Jirgi ya karkata hagu yana ci gaba da sauka, cikin duhu. Ƙararrawar gargaɗin kusantar ƙasa ta yi ihu saura kamar daƙiƙa 12 su bugi dutse. Suka ba shi wuta duka, amma birkin iska da suka buɗe a kan fikafikai yana nan a buɗe. Mutum huɗu suka rayu.

Daƙiƙa 12 ɗin ce ta tsaya min a rai. Na gwada da agogon waya ina wanke kwanuka, ban gama ɗauraye ludayi ba ta ƙare.

Na ce masa ita ƙararrawar me take jira? Ya ce Yaya, tsohuwar ƙasa kawai take kallo, abin da ke ƙarƙashin cikin jirgi, ba ta ganin bangon da ke gaba. Ɗaya na'urar kuma tsayi daga teku take faɗa, ba ruwanta da ko akwai tudu a wurin. Bayan haɗarin ne aka yaɗa sabuwa mai ɗauke da taswirar duwatsu da GPS, tana zana su ja da rawaya a allo, tana gargaɗi tun saura kusan minti guda. Manyan jiragen fasinja yanzu da ita suke tashi. Wannan ɓangaren ya kamata ya fara faɗa, amma Auta sai ya gama tsorata mutum.

Mu nan ba mu saba wannan tunanin ba. Filin Sultan Abubakar III shimfiɗe yake, abin da ke hana jirgi sauka hazo ne. Dutsen kirki sai ka kai Kwatarkwashi. Madina kuwa Uhudu na nan tsaye, ya haura mita 1,000 daga teku, da 'yan uwansa kewaye. Kullum in an ambace shi Sayyidina Hamza nake tunawa. Yau ne na fara tuna shi a matsayin abin da jirgi zai kauce wa.

Ita mai tafiyar ko a jikinta. Ta karɓe ƙwaryarta, ta ce, "Wanga yaro, kuɗin makaranta munka biya don ka zo ka hana mu barci?" Yanzu haka minsharinta nake ji ta bango.

Albasa ta sauko a Tsohuwar Kasuwa, Goggo ta ce mu haɗa kuɗi mu ɗauki buhu. Ban amsa mata ba tukuna. Har yanzu ba su kawo wuta ba, waya saura kashi 9, fitilar Auta ce ta cinye cajin.