Yadda ake kuskure wajen ƙiyasin girman dodannin teku na da

Abu na farko da nazarin burbushin halittu ke koya wa mutum shi ne, tsawon da ake rubutawa a ƙarƙashin hoton dabbar da ta shuɗe ƙiyasi ne. Babu wanda ya sa tef ya auna ta.

Megalodon, kifin shak ɗin da ya ƙare kimanin shekara miliyan 3.6 da suka wuce, shi ya fi nuna haka. Jikin shak guringuntsi ne, ruɓewa yake yi, sai haƙora da 'yan ƙasusuwan baya suke saura. Mafi girman haƙoran kan kai santimita 18. Mai bincike yakan auna tsayin ɓangaren haƙorin da ke saman dasashi, ya gano gurbinsa a baki, sannan ya yi lissafi da ma'aunin farin shak na yau, wanda aka san dangantakar haƙorinsa da tsawonsa. Wajen gano gurbin ne ake zamewa. Haƙoran gaba sun fi na gefe tsawo, don haka idan aka ɗauki na gefe a matsayin na gaba, amsar za ta kauce da mitoci da dama. A 1909 Bashford Dean ya haɗa muƙamuƙin kifin a gidan tarihin halittu na birnin New York, aka ƙiyasta masa mita 30. Daga baya aka gane ya zarce gona da iri, ƙiyasi ya sauko zuwa mita 15 zuwa 20. Ko wannan ɗin ya rataya ne a kan zaton cewa ƙirarsa irin ta farin shak ce. In kuwa siriri ne, lissafi sai a sake.

Zaɓen dabbar da za a kwatanta da ita, a ganina, ya fi auna ƙashin kansa hatsari. Dunkleosteus, kifi mai sulken ƙashi a kai, an daɗe ana ba shi mita 8 ko fiye. Alhali kai da sulken kawai ke hannu, sauran jikin aro ne. A 2023 Russell Engelman ya yi amfani da tazarar da ke tsakanin ido da ƙarshen kai, ya kwatanta da kifaye iri-iri, sai dodon ya dawo wajen mita 4, gajere mai kauri.

Akwai kuma matsalar gaɓoɓin da suka warwatse kafin laka ta binne su. Hannun wata dabbar teku ta da mai suna Anomalocaris, da aka fara bayyanawa a 1892, an ɗauka jikin jatan lande ne. Bakinsa mai kama da zobe aka ba shi suna daban, gangar jikin ma haka. Sai a 1985 Harry Whittington da Derek Briggs, bayan sun bi dutsen da burbushin ke ciki suna ɓantare shi a hankali, suka nuna cewa hannu da baki irin waɗannan a jikin dabba guda suke.