Littafin da ke hannun mutum, shi ne halinsa?

A Kaduna, idan ana binciken aure ko uwa ta fara tantamar tarbiyyar 'yarta, akan ji an ce: "Ai ita kullum tana kan littafin soyayya." Shi ke nan an yanke hukunci. Shi kuwa saurayin da aka gani da Risala a hammata yana fitowa daga zauren malam a Tudun Wada, an ba shi shaidar kirki tun bai buɗe baki ba. A ganina duka biyun an yi gaggawa, kuma gaggawar nan ta ɓata wa 'yan mata da yawa suna a banza.

Sunan littafi abu kaɗan yake faɗa, domin galibi abin da ya zo hannu ake karantawa. Yarinyar da ke Rigasa, wadda ba ta da kuɗin mota zuwa Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi balle na sayen littafi, abin da ƙawarta ta turo mata ta WhatsApp shi za ta karanta. Ɗalibin da ke wuni a Arewa House, cibiyar adana kayan tarihi, yana bin takardun zamanin Sardauna kuwa, wataƙila kundin digiri ne ya kai shi, ba son tarihi ba.

Sannan littafin soyayya ba iri ɗaya ba ne. Tun shekarun 1980 da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa, marubuta mata suke rubutu kan auren dole, zaman kishi, sakin wulaƙanci da karatun 'ya mace. A 2007 an ƙona irin waɗannan littattafai a Kano a bainar jama'a, amma karatun bai tsaya ba, daga baya ma sai ya koma cikin waya, inda na kirki da na batsa suke zaune a zaure ɗaya.

Mai son ya gane wani abu game da mai karatu, ya duba yadda yake karatun. Ɗauki littafin, ka dubi bakin shafukan yana rufe. Inda aka karanta yakan yi duhu da dattin yatsa, inda ba a kai ba yana nan fari fat, nan take ka san inda aka tsaya. Littafin da aka ajiye don ado kawai ko lanƙwasa ɗaya ba za ka gani a bayansa ba. Littafin ɗalibin zaure na gaske kuwa, gefen shafi cike yake da fassarar kalmomi da ajami, wani wurin fensir, wani wurin jan biro. Sai ka tambaye shi: "Wa ya fi ba ka haushi a labarin nan, me ya sa?" Mutum biyu za su karanta labari ɗaya, wannan ya tausaya wa matar da aka saka, wancan ya ce ita ta ja wa kanta. A nan hali yake leƙowa. Haka ma aro: ya dawo da littafin ba sai an bi shi ba? Bangon na nan?

Iyaye kuma, kuskuren da aka fi yi shi ne ƙwace waya tashin farko. Yarinya takan koma wayar ƙawa ko ta sa wa manhajar makulli, kun rasa hanyar sanin komai ke nan. Gara uwa ta ce, "Turo mini in karanta." Amma shafukan farko kaɗai ba su isa ba. Yawancin marubutan waya sukan saki na farko kyauta don jan hankali, sauran sai an biya a sa mutum a wani zauren WhatsApp daban, kuma idan akwai batsa, a can ta fi yawa. Ki nemi na kuɗin, ki karanta daga tsakiya zuwa ƙarshe, sannan ki kira ta ɗaki ku yi maganar ku biyu, ba a gaban ƙannenta ba.