Hannuwan da fayil ɗin gininka ke bi kafin a buga masa hatimi

Da yawan masu gini a Zariya ba sa tunawa da ofishin ba da izinin gini sai ranar da suka wayi gari suka tarar da jan fenti a jikin katangarsu. Daga nan sai a shiga neman wanda ya san wani a ciki. Alhali fayil ɗin gini tebura da yawa yake bi, kowane tebur da abin da yake dubawa, kuma wanda ya san abin da kowanne ke nema ya huta da zirga-zirga, ya kuma tsira da kuɗinsa.

A fara da raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Takardar mallakar fili daban, izinin gini daban. A Jihar Kaduna, KADGIS ce ke da sha'anin takardun fili, KASUPDA kuma ita ke da tsara gari da ba da izinin gini. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, shi ya sa takardar cinikin da mai unguwa ya sa wa hannu, duk da amfaninta wajen shaida, ba ta tsaya a madadin ko ɗaya daga cikin biyun ba.

Tebur na farko na ma'aikacin rajista ne. Shi ke karɓar takardu, ya buɗe fayil, ya ba shi lamba. Ba ya yanke hukunci a kan ginin, abin da yake dubawa shi ne ko takardun sun cika: shaidar mallaka, taswirar safiyo, zanen gini, zanen injiniya idan bene ne. Sunan da ke kan takardar fili ya dace da wanda ke kan zane. Wannan ɗan abin yana tsayar da fayil makonni, musamman filin gado da har yanzu sunan marigayi ke kai. Ka rubuta lambar fayil ɗinka ka adana, domin da ita ake nemansa.

Daga nan sai safiyo da jami'in tsara gari. Safiyo yana tabbatar da cewa filin da ke takarda shi ne filin da ke ƙasa, ta hanyar lambobin duwatsun iyaka. A sababbin unguwannin da dillalai suka yanka gonaki da igiya, ba abin mamaki ba ne a tarar fuloti mai ƙafa 50 da 100 ya ci ƙafa biyar daga cikin hanya, mai shi bai sani ba.

Jami'in tsara gari kuwa ba ruwansa da kyan gidanka. Tambayarsa ita ce ko wannan ginin ya dace da wannan wurin. Wurin zama ne ko na kasuwanci? Wace rata aka bari tsakanin gini da titi, da kuma tsakaninsa da maƙwabci? A yawancin tsare-tsaren gidajen zama a ƙasar nan ana neman kimanin mita 6 ta gaba da mita 3 ta gefe da baya, amma irin titin da girman filin suna sauya lissafin. Shi ne kuma ke lura da wuraren da ba a gini ko da mutum na da takarda: hanyar ruwa, gefen layin dogo, ƙarƙashin manyan wayoyin wuta. Layin wuta mai ƙarfin 132kV yana buƙatar fili mai faɗin mita 30, mai 330kV kuma mita 50. A Zariya, bakin Kubanni da fadamun Galma su ne wuraren da aka fi ruɗar masu saye, domin da rani ƙasar a bushe take ƙayau, sai Agusta ta zo a ga gaskiyarta. Wanda zai ɗaga dogon bene a wajajen Palladan, kusa da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, ya sa a ransa cewa za a dubi tsayin ginin.

Mai duba zane, wato akitek ɗin ofis, cikin gidan yake shiga. Yana duba ko kowane ɗaki na da tagar da za ta ba shi iska da haske, ma'aunin da aka saba shi ne girman taga ya kai kashi 10 cikin 100 na girman daɓen ɗakin. Yana duba matakala, kada tsayin taki ya wuce milimita 175, kuma duka su zo daidai da juna, domin taki ɗaya da ya bambanta shi ke kayar da tsoho da dare. Yana kuma duba hatimi: zanen ya fito daga hannun wanda ke da rajista da ARCON, hukumar rajistar akitek, lissafin ƙarfe daga injiniya mai rajista da COREN, hukumar rajistar injiniyoyi. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello ke yaye akitek da injiniyoyi shekara da shekaru bai kamata a riƙa kwafo zane daga wayar wani a kai ofis ba.

Injiniyan ofis shi ke bin lissafin nauyi: girman ginshiƙi, yawan rodi, kaurin dakin (rufin kankare), zurfin harsashi. Idan benen ya yi tsayi ko ƙasar na da alamar laushi, zai nemi sakamakon gwajin ƙasa. Babban abin da yake kamawa shi ne zanen gidan ƙasa da aka ɗora wa bene daga baya ba tare da an sake lissafin harsashi ba. Jami'in lafiyar muhalli, wanda muka fi sani da duba-gari, nasa idon yana kan sokawe da rijiya da inda ruwan wanka zai fita. Ana son tazarar mita 30 tsakanin rijiya da sokawe inda fili ya ba da dama, rijiyar kuma ta kasance ta sama da gangare. A ƙaramin fuloti dole a duba har da sokawen maƙwabci, domin ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san katanga ba.

Sashen kuɗi zai fitar da abin da za ka biya gwargwadon girman ginin da irin amfaninsa. Ta banki ake biya, a karɓi rasit. Kuɗin da aka miƙa wa mutum a hannu bai shiga fayil ba. Bayan nan babban jami'i ya sa hannu, a buga hatimi a kan zanen.

A nan ne yawancin mutane ke ɗauka an gama, kuma a nan ne aikin da ya fi kowanne nauyi yake farawa, aikin jami'in duba gini a fili. Duk sauran takarda suka gani. Shi ne kaɗai zai ga ginin, kuma akwai abubuwan da idan bai gani a ranarsu ba, ba mai sake ganinsu har abada.

Zuwansa na farko lokacin fitar da layin gini ne, a auna ratar da aka amince da ita kafin lebura ya sa diga. Na biyu bayan an haƙa harsashi, kafin a zuba kankare, ya ga ko an kai ga ƙasa mai tauri ko kuwa an tsaya a kan ciko da tsohon juji. Na uku, wanda ya fi kowanne, bayan mai ɗaurin rodi ya gama amma ba a zuba dakin ba. Zai hau katako da zane a hannu ya ƙirga. Inda aka rubuta rodi mai milimita 16 guda huɗu a ginshiƙi, ya ga ba a sa mai 12 ba. Ya sa awo a jikin rodin, don a kasuwa akwai wanda ake kira 12 amma bai cika ba. Ya duba tazarar ringi, wato zobban ƙarfen da ke ɗaure rodin, ya duba ko an sa 'yan biskit ɗin siminti a ƙarƙashin rodi don kankare ya lulluɓe shi da aƙalla milimita 20 zuwa 25. Rodin da ya kwanta a kan katako kai tsaye zai sha danshi ya yi tsatsa, tsatsar ta kumbura ta fasa kankaren, bayan 'yan shekaru a ga silin na zubowa. A baranda mai fitowa waje ba ginshiƙi, babban rodin a sama yake zama. Idan leburori suka tattake shi ya koma ƙasa lokacin zubi, barandar ta rasa ƙarfinta tun ranar farko.

Sai kwaɓi. Haɗin 1:2:4 yana nufin buhun siminti ɗaya mai kilo 50 (wato kwanon gini biyu), kwano huɗu na yashi, kwano takwas na tsakuwa. Abin da ke ɓata shi galibi ruwa ne: ana tsinka kwaɓin don ya yi sauƙin ɗauka a hau da shi sama, ƙarfinsa kuma ya ragu. Yashi mai laka ma haka. Jami'in da ya san aikinsa zai damƙi yashin a tafin hannu ya ga ko ya bar masa jan shafi. Zai ɗaga bulo ya murza gefensa da yatsa, in ya marmashe ya san an ja buhu ɗaya ya fitar da fiye da ƙima. Bayan zubi, a yi ta ba kankaren ruwa aƙalla kwana 7, abin da ya fi zama dole a lokacin hunturu da iskar ke busar da shi da wuri. Sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da injiniya ya lissafa, don haka cire turakun da ke tallafe da dakin bayan mako ɗaya don a kai katakon wani aiki ganganci ne da rayukan mutane.

Jami'in nan ba zai san ranar zubinka ba sai ka sanar da shi. Ka ba shi kwana biyu ko uku, kada ka kira shi bayan an tara leburori injin kwaɓi na ruri, domin a lokacin ko ya ga kuskure da wuya a saurare shi.

Masu jan fentin su ne sashen sa ido da tilasta bin doka. Suna zagaye unguwanni, inda suka ga gini ba izini ko ya saɓa wa zanen da aka amince, su ba da takardar dakatar da aiki. Alamar ba ta nufin gobe za a kawo katafila. Kira ne a zo da takardu, kuma akwai matakan sanarwa kafin magana ta kai ga lauyan hukuma ko rusau. Abin da ke ƙara dagula lamari shi ne a shafe alamar a ci gaba da aiki cikin dare. Ka ajiye kwafin zanen mai hatimi da rasit a wurin aikin, cikin leda, a hannun birkilan da ke kula da ginin, yadda duk wanda ya zo zai gani ko ba ka nan.