Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Asubahin da Aka Zo Kashe Duna

A makon jiya na tsaya ne a inda na ajiye alli bayan shekara 35 ina koyarwa, na koma gonar kajin da na kafa a bayan Shika, kan hanyar Funtuwa, da yadda ɓarayi suka shigo mana sau biyu a damina guda har Baba mai gadi ya ce in ba a kawo kare ba shi kam zai ajiye aiki. Karen da na kawo shi ne Duna. Uwarsa karyar farauta ce, ubansa kuma irin karnukan nan ne na 'yan sanda da asalinsu daga Jamus yake. Baƙi ƙirin ne, shi ya sa jikokina suka laƙaba masa wannan suna. Ya shekara biyu da rabi yana gadi, ko ƙwai ɗaya bai ɓata ba, shi kuma ko tari ban taɓa jin ya yi ba.

Cikin sanyin Disamba na 2019, tun ba a yi kiran assalatu ba, waya ta tashe ni. Muryar Baba na rawa. "Alhaji, ka zo maza, Duna ya haukace."

Ko da na isa, maƙwabtan gona wajen mutum takwas sun riga ni, wasu da gora, ɗaya da adda. Duna na tsaye cikin hasken tocila, jikinsa sharkaf da fitsari, kumfa a bakinsa, yana zagaye yana cin karo da bangon ɗakin kaji kamar makaho. Na kira sunansa bai waiwayo ba. Wani dattijo ya matso ya ce, "Malam, mun san kana son karenka, amma muna da yara. Ka ga kumfar nan da idonka." Ban ga laifinsu ba a ranar, har yau kuma ban gani ba. Duk wanda ya taɓa ganin yadda mutumin da mahaukacin kare ya ciza yake ƙarewa, yana ganin ruwa yana firgita, ya san cutar nan in ta bayyana a jiki sai dai a yi haƙuri. Da karen wani ne na tarar a haka a bakin hanya, ni ma nesa zan tsaya.

Na ce wa Baba ya faɗa mini abin da ya gani tun daga farko. Ya ce karen yana kwance yana barci kusa da wutar da yake ɗumi, sai kawai ya miƙe ƙafafu ya sandare, kansa ya karkace baya, ya shiga shure-shure kamar mai gudu a kwance, haƙora na kaɗawa, fitsari na zuba. Bai fi minti biyu ba ya lafa, ya yi shiru, sannan ya tashi a ruɗe. Bai kai wa kowa cizo ba.

Kafin ya rufe baki gwiwata ta yi sanyi, don na san wannan faɗuwar. A gidanmu na san ta, shekaru da dama kafin a haifi wasu daga cikin masu goran nan.

Abu biyu ne suka ceci Duna. Na farko katin rigakafinsa, wanda ya nuna an yi masa allurar haukan kare wata biyar da suka wuce. Na biyu mai unguwa, wanda ya iso bayan sallah ya yanke cewa a kulle karen a tsohon ɗakin ajiyar dusa har kwana goma, kada kowa ya taɓa shi; in hauka ne ba zai kai kwanakin ba. Daga baya likita ta tabbatar mini ƙa'idar da su ma suke bi ke nan. Kafin hantsi Duna ya dawo hayyacinsa, ya shanye ruwa kwano guda, ya cinye tuwon da na tura masa ta ƙarƙashin ƙofa, yana kaɗa wutsiya yana kukan a buɗe masa.

Da kwanakin suka cika na sa shi a bayan a-kori-kura na kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru. Likitar da ta duba shi yarinya ce sa'ar 'yata ta uku, amma ta yi mini tambayoyi kamar alƙali. Ko muna fesa fiya-fiya a inda yake kwana? Ko mun zuba shinkafar ɓera a ɗakin abinci? Da wane magani muke wanke masa kaska, kuma cokali nawa muke sawa a bokiti? Ya taɓa buguwa a ka? An yi masa sauran alluran da ake yi wa ɗan kwikwiyo? Ta ce guba, da faɗuwar sukari a jini, da ciwon hanta ko ƙoda, da ƙari a ƙwaƙwalwa, kowannensu na iya kayar da kare haka, don haka sai an kore su ɗaya bayan ɗaya. Aka ɗebi jini. Sakamako ya fito babu komai.

"Baba," in ji ta, "abin da na fi zato farfaɗiya ce, irin wadda ake gado." Ta ce ƙwaƙwalwa da ɗan lantarki take aiki, to wani lokaci sai lantarkin ya rikice gaba ɗaya na ɗan lokaci, jiki ya ƙwace. Irin wannan ta gado takan fara ne tsakanin wata 6 zuwa shekara 6, ta fi zuwa lokacin da kare ke barci ko hutawa, kuma jinsin uban Duna na cikin waɗanda aka sani da ita. Ba ta ba mu magani a ranar ba. Ta ce in sayi littafi in riƙa rubuta rana da lokaci da tsawon kowace faɗuwa, in ta sake zuwa cikin wata shida mu dawo.

Sai ta koya mini abin yi in ta zo. A janye duk abin da zai ji masa ciwo, musamman wuta da ruwa. A rage haske da hayaniya. A duba agogo, don minti ɗaya a irin wannan hali kamar awa yake a idon mai kallo. In ta wuce minti 5, ko ta zo sau biyu a cikin awa 24, to abin ya zama na gaggawa, jiki kan yi zafi har ƙwaƙwalwa ta taɓu, sai a jiƙa masa tafin ƙafa da ciki a garzayo asibiti. In ya farfaɗo a ba shi fili, don a lokacin bai gane kowa, wani ma ganinsa kan ɗauke na ɗan lokaci. Ta ɗaga yatsa ta ƙara da cewa, "Kada a kuskura a sa masa hannu ko cokali a baki. Ba ya haɗiye harshensa. Mutum ma haka."

Mutum ma haka. Ina jin wannan na nemi kujera na zauna.

Autarmu tana da shekara bakwai ta fara faɗuwa. Ni ne babba, na ba ta shekara tara. Ni da hannuna na sha danna mata cokali tsakanin haƙora, saboda haka manya suka ce a yi, har wata rana haƙorinta na gaba ya karye. An ce iska ce. An yi turare, an yi rubutu, an yanka abin yankawa, mahaifinmu ya sayar da tumaki biyu a kan neman magani. Abin da ya fi ciwon cin ta shi ne maganar da kowa ya yarda da ita, wai duk wanda yawunta ya taɓa zai ɗauka. Aka ware mata kwano da moɗa. Aka cire ta daga makarantar allo. In ta faɗi a tsakar gida yara su watse, sai Inna kaɗai ke rungumarta. Ta taɓa faɗawa murhu, tabon ya kama daga gwiwar hannu zuwa kafaɗa. Tana da shekara goma sha huɗu, ina kwalejin horon malamai, ta tafi wanki rafi, ciwon ya tashi tana bakin ruwa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Akwai mata a wurin, amma tsoron yawu ya tsayar da su nesa suna salati, kafin a kira maza ta cika. Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta.

Na tambayi likita, ina jin nauyin tambayar, ko da gaske ana ɗaukar farfaɗiya ta yawu. Ta ce sam, ko daga mutum ko daga dabba, ba a ɗaukarta ta kowace hanya.

Bayan mako uku Duna ya sake faɗuwa, minti ɗaya da rabi a agogona. Muka koma. Wannan karon ta auna nauyinsa, kilo 24, ta rubuta masa fenobabiton, ƙwaya biyu masu miligiram 30 da safe, biyu da yamma, awa 12 tsakani. Ina roƙon mai karatu kada ya ɗauki wannan lissafin ya ba karensa. Da nauyi da gwajin jini ake yanke shi, kuma magani ne da ba a sayarwa sai da takardar likita. Ta ce in sa a raina cewa ba warkarwa yake yi ba, riƙewa yake yi. In an samu faɗuwar ta ragu da rabi ko fiye, an ci nasara. Sai ya yi wajen mako biyu kafin ya zauna a jini, daga nan a gwada, sannan duk wata shida a duba hanta, don a hanta yake aikinsa kuma yakan gajiyar da ita. In bai isa ba akwai wasu da ake ƙarawa a kai, irin su fotasiyam buromaid da Keppra. Gargaɗinta na ƙarshe sai da ta maimaita shi sau uku: kada a tsallake, kada a daina kwatsam. Kare da ya saba da maganin nan in aka yanke masa rana tsaka, faɗuwar da za ta biyo baya na iya fin ta farko muni.

Na ɗaura abin da sallah. In na dawo daga masallacin asuba na yi lazimi, ƙarfe shida na cika ina gona, ƙwayoyin a cikin loma ta tuwo da ɗan kan kifi. Shida na yamma kuma kafin in yi alwalar magariba. Makon farko sai da na tsorata: yana tangaɗi kamar zai kife, barci ba dare ba rana, ruwa kuwa sai an cika masa kwano sau huɗu, ci kamar gara. Baba ya ce, "Alhaji, an kashe mana kare da rai, wannan ina zai kori ɓarawo?" Na ba shi haƙuri, don an riga an faɗa mini haka za a yi. Cikin mako na uku tangaɗin ya tafi, haushinsa ya dawo. Yawan ci da sha ne kawai suka zauna masa.

Uwargidana ba ta ji daɗin abin ba da farko. "Malam, mutane na kwance ba kuɗin magani, kai kana jigilar kare asibiti." Maganarta na da nauyi, ban raina ta ba. Na ce mata ni na ɗauko shi na ɗora masa gadi, haƙƙinsa na wuyana, kuma ta san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. Kuɗin ƙwayar na wata guda a lokacin bai kai kuɗin kiret ɗaya na ƙwai ba. Wannan arhar ce ma ta hana ni barci. Na je na bincika, na tarar tun 1912 wani likita Bajamushe, Alfred Hauptmann, ya gano cewa fenobabiton na tsayar da farfaɗiya a jikin mutane. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ce kusan kashi 70 cikin ɗari na masu ciwon za su iya rayuwa ba faɗuwa in sun samu magani daidai. Ashe duk shekarun da muke ware wa Auta kwano, maganin ya fi shekara hamsin a duniya, Zariya kuwa tafiyar rabin yini ce daga garinmu a keke.

Na daɗe ina shawarar ko in faɗa wa Inna, don ta haura tamanin da biyar, a ɗakin da na gina mata take, ba ta cika fita ba. Ita ta riga ni. Wata yamma ta ga ina ƙirga ƙwayoyin a tafin hannu, ta ce, "Ɗan nan, wa ke ciwo?" Na faɗa mata gaskiya, ban rage komai ba. Ta miƙo hannu na sa mata ɗaya. Ta kai ta kusa da ido, ta juya ta, 'yar mitsitsiya fara da ba ta kai ƙwayar wake ba. Ta ce, "Wannan ɗan abin ne?" Na ce shi ne, Inna. Ta yi shiru har na zaci ta manta da ni, sannan ta mayar mini ta ce, "Tashi ka kai masa, kada lokaci ya wuce." Tun daga ranar, shida saura kwata na yamma sai ta aiko jika ya tuna mini.

Littafin nan da nake rubuta faɗuwar Duna a ciki yana nan har yau. Daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Maris na 2020 babu ko layi ɗaya a cikinsa, kwana saba'in cur Duna bai faɗi ba. Na saki jiki, na riƙa sayen maganin na mako biyu-biyu maimakon in ajiye na wata, duk da likita ta ce in riƙa ajiyewa. Daren da rediyo ta sanar da kullen korona a jihar Kaduna, cewa ba shiga ba fita, na zazzage kwalbar a kan tabarma na ƙirga. Ƙwaya goma sha huɗu, na kwana uku da rabi ke nan, takardar likita kuma ta ƙare. Yadda muka kwashe da waɗannan kwanaki, da daren da Duna ya faɗi sau uku kafin asuba, shi zan kawo a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.