Kafin a jefa ɗan ludo, a faɗi abin da zai biyo baya

A shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, ni da wasu matasa biyar muka fara wani wasa ta waya da muke kira wasan labari. Ina Birnin Kebbi, biyu suna Argungu, ɗaya a Jega, ɗaya a Gusau, sai wata ɗaliba a Yauri. Kowa yana ɗaukar jarumi guda ya shiga rigarsa, ya riƙa faɗin abin da jarumin zai yi, ni kuma a matsayin jagora nake bayyana garin da suke ciki da mutanen da suka tarar, kamar mai ba da tatsuniya, sai dai a nan masu sauraro ma suna da bakin magana. Idan aka zo kan abin da zai iya yiwuwa ko ya ƙi, ɗan ludo ne yake raba gardama. Wannan salo ya samo asali ne daga Amurka, inda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974, ana yin sa a kan tebur ido da ido, kafin ya koma intanet ta manhajoji irin su Roll20 da ta fito a 2012 da Discord da ta fito a 2015. Mu dai Telegram muka zaɓa, muka kafa labarinmu a birnin Surame na zamanin Kanta, sarkin Kebbi, cikin ƙarni na 16.

Ƙannena masu sha'awar jagorancin irin wannan wasa, ku nake rubuta wa, domin kusan duk ɓarnar da ta faru a zaurenmu daga hannuna ta fito, ko da yake na daɗe ina ɗora wa ɗan ludo laifi.

A farko ina amfani da wata manhaja mai ɗan ludo mai fuska 20, a wayata ni kaɗai, in jefa in sanar da su abin da ya fito. Wani dare jarumin ɗaya daga cikin 'yan Argungu, wani masunci, ya ɗauko saƙon sirri zai ƙetare gulbi cikin duhu, ruwa ya kawo, dakaru kuma suna biye da shi. Na ce masa yana bukatar 11 ko sama. Na taɓa waya, 3 ta fito. Na daɗe ina kallon lambar nan, ina tuna cewa yaron ya kwashe mako biyu yana tsara tarihin masuncinsa har da sunan kakansa, sai kawai na rubuta cewa 15 ce. Zaure ya cika da murna, ni ma na ji kamar na yi aikin lada. Daga ranar kuwa hannuna ya saba: duk lokacin da ran wani jarumi yake kan siraɗi, sai in gyara lamba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ɗalibar nan ta Yauri tana rubuta duk jifar da aka yi a wani littafi, ba don tana zargina ba, don dai haka ɗabi'arta take. Bayan kusan wata biyu sai ta rubuto a gaban kowa: "Yaya, sau 10 ke nan kana cewa jifar mutuwa ce ko rayuwa, rabi da rabi, kuma duk mun tsira. Na lissafa, irin wannan sa'a sau 1 take faɗowa cikin 1,024. Ko dai mu waliyyai ne, ko akwai abin da ba ka faɗa mana ba." Lissafinta daidai ne, kuma ban sami amsa ba. Babu wanda ya zage ni, kuma da an zage ni da ya fi mini sauƙi, domin abin da ya biyo baya shi ne wasan ya salance. Sun gane cewa nasarorin da suka yi ta alfahari da su kyauta ce na ba su, sai suka daina tsoron komai, maharbi ya tunkari dakaru goma shi kaɗai yana raha, tunda ya san jagora ba zai bari ya mutu ba.

Na san akwai ƙwararrun jagorori da suke ganin babu laifi a ɗan karkata lamba a ɓoye domin labari ya yi armashi, kuma tsohuwar muhawara ce tsakanin masu wannan wasa. A kan tebur wataƙila a sha da ita, tunda magana tana bin iska. A waya kuwa komai a rubuce yake, kowa yana iya komawa baya ya ƙirga, kuma mutanen da ba sa ganin fuskarka ba su da abin riƙewa sai yardar da suka ba ka. Saboda haka ku yi jifa a inda kowa zai gani. Telegram tana da ɗan ludo mai fuska 6 da yake juyawa a cikin zaure ya tsaya a idon kowa, a Discord kuma akwai manhajojin da suke yin haka da kowane irin ɗan ludo.

Sai daga baya na fahimci cewa ƙaryar reshe ce, tushen yana wani wuri. Abin da ya tilasta mini yin ta shi ne na nemi a yi jifa a kan abin da ba zan iya karɓar sakamakonsa ba. Da tun farko na ce wa mai masuncin: "Idan ka sami 11 ka ƙetare lafiya, idan ka gaza kwalekwale zai kife, ka fita da ranka amma saƙon ya bi ruwa," da 3 ɗin nan ba ta firgita ni ba, da ma ta buɗe mana babi mai daɗi, na mutumin da zai tsaya gaban sarki hannu rabbana. Tun ran gini ran zane. Jagora ya faɗi lambar da ake nema, ya faɗi abin da faɗuwa za ta jawo, ɗan wasa ya amince ko ya sake dabara, sannan a jefa, kuma bayan an jefa bakin alƙalami ya bushe. Inda kuma faɗuwa ba za ta sauya komai ba, kamar buɗe ƙofar da babu mai gadinta, babu dalilin jifa ko kaɗan.

Wajibi ne kuma jagora ya san nauyin lambobin da yake furtawa, domin a nan ne hukuncinsa yake ɓuya a bayan sa'a. A ɗan ludo mai fuska 20, kowace fuska tana da kashi 5 cikin 100, don haka idan ka ce sai an sami 15, jarumin da ba shi da wani ƙarin maki da ake ɗorawa kan lambar da ta fito, kashi 30 kacal ka ba shi. Na taɓa sa maharbi ya yi jifa uku a jere kafin ya haura ganuwar Surame: ɗaya ta hawa, ɗaya ta ɓuya, ɗaya ta dira. Kowace jifa kashi 70 ce, ina ganin na yi masa sassauci, alhali haɗuwar ukun ta mayar da damarsa kusan kashi 34. Da ya faɗi sai na ce ƙaddara ce, bayan ni na haƙa ramin. Haka nan dokar da bugu na biyar na Dungeons & Dragons ya zo da ita a 2014, wadda take ba jarumin da yake da rinjaye damar jifa biyu ya ɗauki babbar, tana ɗaga kashi 50 zuwa 75. Ni kuwa rabon ta nake yi kamar goron suna ga duk wanda ya iya tsara magana, mai kunya kuma ya tashi a tutar babu.

Daga ƙarshe muka koma tsarin da wasan Apocalypse World na 2010 ya yi fice da shi, na 'ya'yan ludo biyu masu fuska 6: idan jimla ta kai 10 an yi cikakkiyar nasara, daga 7 zuwa 9 an samu amma da asara, 6 zuwa ƙasa an faɗi. Cikin hanyoyi 36 da za su iya faɗowa, idan babu ƙari, 6 ne na cikakkiyar nasara, 15 na tsakiya, 15 na faɗuwa. A ganina wannan tsakiyar ce gishirin wasan, domin tana koya wa jagora cewa tsakanin tsira da mutuwa akwai fili mai faɗi.

Akwai batun da ba zan tsallake ba, tunda mu 'yan Kebbi da Zamfara ne. Hadisi ya zo a Sahihu Muslim da kakkausan hani ga wasan nardi, wani tsohon wasa da ake yi da jifar 'ya'yan ludo, kuma malamai da yawa sun tsananta kan wasa da 'ya'yan ludo, don haka kowa ya tambayi malaminsa. Kada a sa ko kwabo a kan jifa, ko da katin waya ne, domin da zarar an sa ya zama caca. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba, akwai wasannin labari da aka tsara babu ɗan ludo, kamar Amber na 1991, sai dai a can nauyin duka yana komawa kan adalcin jagora.

Kuskuren da ya fi yi mini ciwo ya zo ne bayan na daina taɓa lamba. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan sadarwa a Zamfara saboda matsalar tsaro, ɗan Gusau ya ɓace daga zaure babu sallama. Jaruminsa maƙeri ne, kuma labari ya zo daidai inda ake bukatar wanda zai shiga sansanin abokan gaba ya karya sarƙar fursunoni. Maimakon in ce maƙerin ya tafi ƙauye gaida mahaifiyarsa, mu jira mai shi, sai na ce ni zan riƙe masa. Na faɗi sharaɗi a fili, na jefa a gaban kowa, 2 da 1 suka fito, maƙeri ya mutu a sansani. Jifar babu maguɗi a cikinta, amma wanda ya kamata ya ce ya yarda ko bai yarda ba yana can ba shi da ko layin kiran gida, kuma da yana nan wataƙila da ya zaɓi wata hanya dabam. Ku yanke wannan magana tun ranar da kuka fara: wanda rashin caji ko rashin sabis ya ɗauke, jaruminsa ya koma gefe, kada a saka ransa a jifar da mai shi bai gani ba.

Bayan makonni da aka maido da layi, yaron ya shigo da sallama da fara'arsa yana tambayar inda aka kwana. Muka yi tsit, ya bi saƙonni yana karantawa tun daga sama. Can sai ya rubuto: "Yaya, ai da ka jira ni." Na ba shi haƙuri, na ce zan soke abin da ya faru mu koma baya, ya ce a'a, tunda an jefa a gaban kowa a bar shi haka, ai ni na koya musu wannan doka. Na roƙe shi ya ƙirƙiro sabon jarumi, ya ce sai ya yi tunani. Muna gaisawa har yau, duk sallah yakan kira ni, amma bai sake shiga wasan ba, kuma maƙerar da take bakin ƙofar Surame a labarinmu tana nan a rufe, babu wanda ya nemi ya gaje ta.