Ruwa biyu: sai an feɗe ake ganin bambanci

Sana'ar fawa gado na yi a nan Daura, kuma yawancin shanun da nake yankawa ni nake turka su da hannuna. Ina ɗan shekara 12 Baba ya fara zuwa da ni karar Mai'adua. Shi bai taɓa duba ƙaho ko tsayi ba. Hannuna yake kamawa ya ɗora a gindin wutsiyar bijimi, ya ce, "Matsa nan, yaro. In ka ji taushi akwai nama, in ƙashi ya tare ka mu yi gaba."

Haɗin ruwa biyu da na fi yarda da shi shi ne saniya Bunaji da bijimin Bokolo. Uwar ta ba ɗan juriya, uban ya ba shi faɗin baya da cikar cinya. Wata uku a turke, da harawa da dusa da angurya da ɗan kanwa, in an feɗe sai ka ga tsoka ja jawur, kitse ya lulluɓe haƙarƙari siriri kamar an shafa, tozo ya cika dam. Masu kilishi tun asuba suke min layi saboda cinyar, don tana yankuwa fale-fale ba ta yagewa. A sa mai kyau kusan rabin nauyinsa ne ke hawa sikeli, sauran fata ce da kai da ƙafa da kayan ciki. Rahaji kuwa, jajayen shanun nan masu dogon ƙaho, ga kwarjini a kara, amma ƙashi ya fi yawa.

Ɗan haɗin farko, wato na Bunaji zalla da Bokolo zalla, shi ne mai albarka. In aka sake haɗa ruwa biyu da ruwa biyu, 'ya'yan sai su fito kowa da kamarsa.

Abin da ke ci min rai shi ne dillalai. Duk maraƙi mai dabbare-dabbaren baƙi da fari sai su ce ɗan Turai ne, su ninka kuɗi. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika da ke Zariya ta daɗe tana haɗa Firisiyan, wato shanun Turai masu baƙi da fari, da Bunaji, amma don nono ne. Na taɓa sayen irin wannan maraƙin, an ɗirka masa gishiri da ruwa ciki ya yi tim. Bazara na shigowa ya kama haki, ga ci, ga cinya a shafe. Wallahi ranar da na yanka shi ban bari ya shiga hannun masu kilishina ba.

Mai biki ko suna ya zo gida ya taɓa san da kansa kafin mu yi ciniki.