Gashin Fulani Ba Ya Son Hannu Mai Nauyi

Shagona yana Aboabo, a Kumasi: ɗaki ɗaya da baranda, kujeru uku, draya biyu, sai 'yan matan da ke koyon aiki a hannuna. Kitso muke yi, da wankin kai, da gyaran amare. Yawancin masu zuwa matan zango ne, kuma zango, kowa ya sani, taron jama'a ne. Ga Bahaushiya, ga Bafulatana, ga Bazabarmiya, ga Bawangariya, ga wadda kakarta Buzuwa ce. Kowace da gashin da ta gada. Shi ya sa ba a yin mako wata ba ta zauna a gabana da abin da muke ce wa gashin Fulani ba, wato mai laushin nan da ke kwanciya yana lanƙwasa, bai miƙe sar ba, bai kuma murɗe ya cure irin na yawancinmu ba. A takardun koyon sana'a, inda aka raba gashi gida huɗu, shi ne na biyu.

Mata suna sha'awarsa, ana ta cewa mai shi ta huta. Ni da nake ganin kawuna a tsefe na san ba haka ba ne. Babu gashin da ake cuta da kyakkyawar niyya kamarsa, saboda ana yi masa hidimar da ba tasa ba.

Fatar kai tana fitar da maiƙonta na halitta. A gashi mai murɗewa sosai, maiƙon nan da ƙyar yake gangarowa, shi ya sa muke taimaka masa da man kaɗanya. A gashi mai lanƙwasa kuwa hanya a buɗe take, bayan kwana kaɗan gindin gashin ya yi maiƙo, ƙarshensa ne kawai ke bushewa. Sai uwa ta ɗebo man kaɗanya, mai kyau ma, na Tamale ko na Wa, ta tsaga kan yarinya layi-layi ta cusa, yadda aka yi mata tana ƙarama. Gashin ya yi nauyi, ya manne, ƙura ta hau, kai ya fara ƙaiƙayi. Da ta ga ana susa sai ta ce bushewa ce, ta ƙara mai. Ba na raina man kaɗanya, da shi nake aiki kullum. Amma a wannan gashin, abin da ya kai ƙwayar gyaɗa ya isa, a narkar a tafin hannu, a shafa daga tsakiyar gashi zuwa ƙarshe, kada ya taɓa fata.

Babbar ɓarnar kuma daga wurinmu masu kitso take fitowa. Gashin yana da santsi, kitso ba ya zama a kansa, kafin mako ya zagayo ya fara tashi. Mai kitso ba ta so a ce hannunta ba ya riƙo, mai kai kuma ba ta so kuɗinta ya tafi a banza, sai a haɗu a kan a ja da ƙarfi. Silin gashin nan kuwa sau da yawa siriri ne. Idan kika tashi daga kitso goshinki ya ɗame, kina jin zafi in kin kai sujada, ko kika ga ƙananan ƙuraje sun jeru a bakin kitson, to an ja fiye da kima. Shekara da shekaru ana haka, gashin gaban goshi da na saman kunne ya riƙa ja da baya, ya bar wasu 'yan siraran gashi a layin gaba, bayansu fili. In an farga da wuri aka sassauta, yana dawowa. In aka bari saiwar ta mutu, babu man da zai tayar da ita, ko me mai talla ya faɗa miki a kasuwar Kejetia. A shagona manyan kitso nake yi wa irin wannan kai, sako-sako, kuma tun kafin in fara nake gaya wa mai shi cewa ba zai yi mata wata guda ba. Wasu sukan tafi wurin da za a ɗaure musu tamau. Ina jin zafin rasa su, amma ba na canjawa.

Rilaksa, wato man miƙar da gashi, kam ba na sa wa wannan gashi ko da an roƙe ni. Irin mai ƙarfin da soda ake yinsa, dangin wadda ake dafa sabulu da ita, an yi shi ne don ya karya murɗin gashi mai tauri. Me zai karya a nan in ba gashin kansa ba?

Wankinsa ba shi da wuya. Shamfu a fatar kai, a cuɗa da tsokar yatsu ba da farce ba, kumfar da ta gangaro ta ishi sauran. Sabulun salo, wanda Asantawa ke sayarwa da sunan alata samina, yana wanke kai tas amma yana busarwa, don haka sai an tsarma shi sosai a kuma bi da kwandishana. A taje yana jiƙe da kwandishana a jiki, da mataji mai manyan haƙora, daga ƙarshe a hau sama. Ba a dirje shi da tawul, matse ruwan ake yi da tsohuwar atamfa. Da damina danshin Kumasi kan sa ya tashi ya yi buzu-buzu, da hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu kuma ƙarshensa kan tsage, a lokacin ne nake datse bakin. Abin da na fi nanatawa shi ne kada a ɗaura ɗankwali ko a sa hijabi kai yana jiƙe. Matan aure sun san sau nawa ruwa ke taɓa kai a mako. Gashi mai tsawo da aka tufke da lema a ƙarƙashin hula da hijabi, cikin zafin garin nan, ba ya rabuwa da wari da ƙaiƙayi.

Ba na fara kitso sai na duba kai. Bayan tsifa nakan fito da mace baranda inda haske yake, in tsaga da kibiya daga goshi zuwa ƙeya. Abin da ya fito a mataji kuma ba na yarwa nan take, a kan farin ƙyalle nake shimfiɗa shi mu gani tare. Silin da ya fito da tsawonsa, da ɗan farin ɗigo a gindi, daga saiwa ya zube. Guntaye marasa ɗigon nan karyewa suka yi a hanya. Maganinsu ba ɗaya ba ne. Karyewa aikina ne: zafin draya, rini, tajewa a bushe, roba mai matsewa. Zubewa daga saiwa kuwa, sai an tambayi jiki.

Wata yarinya mai jego ta zo da uwar mijinta, ido ya yi ja, ta buɗe leda ta nuna min gashin da ta tara. Uwar mijin ta ce, "Madam, duba mana, ko baki ne ya kama yarinyar nan? Tun ranar suna ake yaba gashinta."

Na ce, "Hajiya, jaririn wata nawa?"

"Ya shiga na huɗu."

Na juya wurin yarinyar na ce, "'Yata, share hawayenki. Lokacin da kike da ciki gashin da ya kamata ya zube bai zube ba, shi ne yanzu yake sauka gaba ɗaya. Kafin yaron nan ya shekara, in sha Allah, za ki ga ya cike." Na nuna musu ƙananan sabbin gashi da suka fara tsirowa a goshinta. Na kuma ce in sun je awon jariri a gwada jininta, don ƙarancin jini yana ja wa zubewar tsawo, haka ma ciwon maƙoƙo. Irin wannan zubewa takan biyo bayan zazzaɓi mai tsanani, maleriya ko taifot, da wata biyu zuwa uku, lokacin an manta ma an yi ciwon. Ko lafiya lau, mutum yana zubar da sili 50 zuwa 100 a rana. Wadda ta yi mako uku da kitso, ranar tsifa za ta ga na kwana 21 a dunƙule, ba abin tsoro ba ne. Tsirowa kuma kusan santimita ɗaya ce a wata, ba a gaggauta ta.

Amosani shi ne abin da na fi gani. Ba ƙazanta ba ce, wata ƙwaya ce dangin funfuna da ke zaune a fatar kowa, maiƙo take ci, shi ya sa ƙara mai yake ƙara mata ƙarfi. Shamfu mai ketoconazole na kemis yana kwantar da shi, sau biyu a mako, a bar kumfar minti biyar kafin a ɗauraye. Yawanci a nan ake kuskure, a shafa a wanke nan da nan a ce bai yi aiki ba.

Akwai kawunan da nake mayar da ɗankwali a kansu in ce a tafi asibiti. Yaro ko yarinya da makero, wato fili zagayayye mai ɓawo, gashin ya kakkarye a gindi, wani lokacin da ƙulluwa a bayan wuya: wannan man shafawa kaɗai ba ya kashe shi, domin cutar tana cikin silin gashin, sai an sha magani na makonni, kuma yana yaɗuwa ta mataji da hula da askar wanzami. Na sha ganin an goga wa yaro tafarnuwa ko wani abu mai zafi har fata ta saɓule, abin yana ƙona min rai. Sai kuma fili zagayayye sumul, ba ɓawo ba ƙaiƙayi, da ya bayyana dare ɗaya. Jama'a kan danganta shi da iska ko sammu. Ba na gardama da kowa a kan addu'a, amma likitoci sun san shi, garkuwar jiki ce ke far wa saiwar gashi, kuma sau da yawa yana dawowa. Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne na tsakiyar kai a manyan mata, ya fara kaɗan yana faɗaɗa, fatar tana sheƙi, da ɗan zafi ko tsikari. Tabo yake bari, inda ya ci ya ci ke nan, don haka kowane wata na jinkiri asara ne. Nakan ce a fara da asibitin Manhyia da ke kusa da mu, in ya so su tura wurin likitan fata a babban asibitin Komfo Anokye.

Duk wadda na mayar haka, kuɗin kitson ranar ya tafi, ga haya, ga kuɗin wuta, ga ruwa in famfo ya ɗauke. Mataji da kibiya kuma ana wanke su a jiƙa a maganin kashe ƙwayoyi bayan kowace mace, ko da jajibirin Sallah ne layi ya kai bakin titi. Kayan aiki ba na saye sai na ga lambar rajistar hukumar abinci da magunguna ta Ghana a jiki. Baƙin rini, musamman irin wanda ake haɗawa da lalle don ya yi baƙi wuluk, ba na sa wa kowa sai na ɗiga kaɗan a bayan kunne mun jira kwana biyu, domin yana kumbura wa wasu fuska da ido. Amare ba sa son jiran nan, shi ya sa nake ce musu su zo gwaji tun ranar da aka sa rana.

Yaran da ke koyo a wurina, kafin a yaye yarinya sai ta iya duba kai ta faɗa min abin da ta gani ba tare da na sa baki ba. Kwanan nan kuma na fara ɗaukar hoton wurin da gashi ya zube da wayar mai kan, ba da tawa ba, don hoton kan matar aure bai kamata ya kwana a wayar wani ba. In ta dawo bayan wata biyu sai mu tsaga a wuri ɗaya, mu ɗauki sabo, mu jera su mu gani.